Zafin inji caji ne da bai kai ga farfela ba

Duk zafin da na ji a jikin ƙaramin jirgina mai rimot bayan ya sauka, wuta ce da batir ya bayar amma ta salwanta a hanya. Shi ya sa ba na fara gyara da huda ramukan iska. Nakan fara ne da neman inda wutar ke zurarewa.

Mitar wat, na'urar auna wutar da inji ke ja, ita ce ta buɗe mini ido. Ina jona ta tsakanin batir da ESC, na'urar da ke sarrafa gudun inji, in riƙe jirgin a ƙasa, in ba shi totur na 'yan daƙiƙu kacal, domin a tsaye farfela ta fi jan wuta, ga shi babu iskar da za ta sanyaya komai. Abin dubawa shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a waya. Idan ta ninka sau biyu, zafin da ke tashi a waya da koyil sau huɗu yake ninkawa.

Da na rage farfela daga inci 10 zuwa inci 9, amfiya ta sauka sosai, jirgin kuma bai rasa ƙarfin da zan ji a hannu ba. Canjin batir ya ƙara taimakawa. Wat 300 a batirin LiPo mai sel 3, wato bolt 11.1, yana jan amfiya kusan 27. A mai sel 4, bolt 14.8, amfiya 20 da ɗan kai ta isa, zafin wayoyi kuma ya ragu da kusan rabi. Sai dai dole a haɗa shi da inji mai ƙaramin KV (yawan juyawarsa a minti kan kowane bolt) ko ƙaramar farfela, in ba haka ba inji zai ƙara gudu ya ƙara zuƙar wuta, a ƙone shi a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ba a gani. Maganaɗisun neodymium na gama-gari da ke cikin inji yana fara rasa ƙarfinsa idan ya wuce digiri 80 na Selsiyas, kuma ba ya dawowa. Injin da ya raunana haka sai ya riƙa jan wuta fiye da da, zafi ya ƙaru, maganaɗisun ya ƙara mutuwa. Batir kuwa ba na barinsa ya kai digiri 60. Da zarar jirgi ya taɓa ƙasa nake aunawa, ina sane da cewa cikin koyil ya fi bayan inji zafi.

Sai bayan wannan nake waiwayar iska. Ramin fita ya fi na shiga girma, ESC kuma a kan hanyar iskar, ba a naɗe cikin soso ba. A sama, cikakken totur na tashi ne da hawa kawai. Ina sauka da kusan kashi 20 na caji, kowane sel na nuna bolt 3.7 bayan ya huta.