Yadda Na Zaɓi Motar Hannu Ta Kai Yara Makaranta a Sakkwato

Kafin in taka wurin dillalai sai da na rubuta aikin da motar za ta yi: kai yara makaranta da safe, ɗauko su da azahar, Islamiyya da la'asar, cefane, sai asibiti in ta kama. Duk a cikin gari ne, kuma uwargida ce za ta riƙa tuƙawa. Ina gama rubutawa rabin motocin da nake sha'awa suka fita da kansu. Zirga-zirga tsakanin Arkilla da Gawon Nama ba ta neman inji mai silinda 6, balle tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Na tsaya a kan silinda 4, lita 1.8 ko kusa da haka, giya otomatik, da esi mai sanyi.

Kuɗin kuma na kasa shi kashi biyar. Huɗu na saye ne, ɗayan na ɓoye shi, ko dillali ban bari ya ji ƙamshinsa ba. Motar hannu, ko 'yar Kwatano ce ko wadda aka mora a nan gida, sai ta ci wani abu a watan farko.

Motoci huɗu na auna. Fijo 406 tana da daɗin zama kuma ta san hanya, amma yawancinta mai kuloci ce, tana son bakaniken da ya ƙware a kanta, kuma bel ɗin taiminta in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, mai silinda 4 injinta lafiyayye ne, sai dai boljoyin ɗin ƙasa na gaba yana son sa ido. Wanda ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace ya san abin da nake nufi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san ta da shan baƙin mai, kuma dashbod ɗinta kan narke ya yi danƙo a rana, mu kuwa rana ita ce abin da muka fi kowa. Saura Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda kowane bakanike a garin nan zai iya kwance ta ido rufe. Aibinta ɗaya, kowa ita yake nema, don haka farashinta ba ya sauka.

A nan ne Pontiac Vibe ta shigo. Vibe ta 2003 zuwa 2008 tagwaye suke da Toyota Matrix, a Kaliforniya aka haɗa ta, kuma injin da ke cikinta shi ne 1ZZ mai lita 1.8 na Corolla. Sarƙa ce ke jan taiminsa, babu bel ɗin da za a riƙa lissafin ranar canjawa. Filta, fulogi, kwayil, famfon ruwa, duk na Toyota ne. Abin da kan yi wuyar samu kayan jiki ne, irin su fitila da bamba, don an daina ƙera Pontiac tun 2010. Kujerun baya suna kwanciya, shimfiɗar but ɗin roba ce, buhun shinkafa da tukunyar gas su shiga, a goge da tsumma. A guji Vibe mai jan ƙafa huɗu da kuma samfurinta na gudu da ake kira GT, ƙarin kashe kuɗi ne da aikin makaranta ba ya bukata. In da hali a nemi ta 2005 zuwa sama, don na shekarun farko sun fi saurin fara shan baƙin mai ta ringi.

Sunan mota dai rabin magana ne. A garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, babbar tambaya ita ce: injin nan ya taɓa tafasa? Injin da ya tafasa sau ɗaya sosai, kan silinda yakan ɗan karkace, gaskit ya ƙone, daga nan kuma sai faci bisa faci. Don haka kowace mota sau biyu na je ganinta, da bakanikena, wanda ni na biya shi kuɗin yininsa. Bakaniken da dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki.

Zuwan farko da sassafe ne, ba tare da na faɗi lokaci ba. Na ɗora hannu a kan inji in tabbatar da sanyi yake, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Tun yana sanyi ake buɗe murfin lagireto, kada a kuskura a buɗe shi da zafi. Ruwan ciki ya zama mai launi, ja ko ruwan hoda ko kore. In ka ga ruwa jajaja-jajaja na tsatsa kamar na kududdufi, an daɗe ana ɗura masa ruwan rijiya. A tayar da inji murfin yana buɗe a zuba ido: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gaskit ce. A juya murfin baƙin mai a duba cikinsa, in akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. A salansa kuma, hayaƙi mai shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa.

Wata da na kusa saye, fentinta sai ƙyalli, kujerunta kamar ba a taɓa zama ba. Ana murɗa makulli, tun inji bai tashi ba, sai fanka ta kama gudu. Bakanikena ya bi wayar da yatsa, ya nuna mini inda aka yanke ta aka haɗa kai tsaye, aka naɗe da baƙin salatif. Ya matsa tiyon sama na lagireto, minti biyu da tayarwa har ya fara ɗumi, alamar an cire tamostat. Ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wagga mota ta taɓa tahwasa. Mu tai." Dillali ya biyo mu yana cewa, "Haba yallaɓai, zahin garin ga na, kowa haka yaka yi." Gaskiya ne da yawa haka suke yi, amma kuskure ne. Tamostat na wannan inji yana buɗewa a wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In an cire shi, inji ba ya saurin kai wa zafinsa, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, silinda ta yi ta ci. Kuma galibi ba a cire shi sai don a rufe wata cuta: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko gaskit ya riga ya tafi.

Zuwa na biyu da ƙarfe 2 na rana ne. A bar mota a tsaye minti 20, esi a kunne, ana kallon allurar zafi. Ta hau zuwa kusan tsakiya ta tsaya cak. Sannan a kashe esi a saurara, fanka ta riƙa kamawa tana saki da kanta. Daga nan a hau baifas a kai gudun kilomita 80 zuwa 100, a ji shigar giya ɗaya bayan ɗaya har ta huɗu, a taka birki a ji ko sitiyari na rawa, a dawo ta layin unguwa mai gargada don ƙafafu su yi magana. Giyar da ke jinkiri ko take buga ƙirji in an sa ta daga P zuwa D, ko wadda man cikinta ya yi baƙi yana ƙauri, a bar wa mai ita.

Akwai dabarar fitilar dashbod. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS (na'urar hana birki kulle taya, in motar na da ita) su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Sikana, na'urar da ake jona wa kwamfutar mota ta karanto matsalolinta, ita ke raba gardama, kuma kuɗin dubawar bai kai na tankin mai ba. Lambar tafiyar da ke jikin mita kuwa ban ba ta muhimmanci ba, ana mayar da ita baya. Robar fedar birki da fatar sitiyari sun fi ta faɗin gaskiya. Na ɗaga kafet na shinshina, na leƙa ramin safaya don neman laka da tsatsa, na bi jikin ƙofofi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne bayan haɗari.

Takardu sun fi inji iya jefa mutum cikin wahala. Muna kusa da iyakar Illela, kuma tun watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka mota mai arha fiye da kima sai a tambayi takardar kwastan tun kafin a yi ciniki, a kuma kai ta ofishinsu a tantance. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zama iri ɗaya a ƙasan gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da kowace takarda. Na nemi ganin mai motar ido da ido, muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, na biya ta banki, aka yi canjin suna a makon. La'adar dillali a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, wadda aka ba ka a ƙasa da haka ka bincika ta.

Vibe ta 2006 na ɗauka. Abu biyu suka wuce ni. Na farko tayoyi: zanensu da sauran kauri, amma lambobi huɗun da ke gefe sun nuna mako da shekarar ƙira, kuma sun haura shekara 7, alhali hukumar kiyaye haɗurra shekara 4 take ba taya. A kwaltar Afrilu tsohuwar taya ba ta ba da sanarwa. Na biyu, ban sa an ɗaga motar na leƙa ƙarƙashi ba, ashe an yanke abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi an maye gurbinsa da bututu.

Kason da na ɓoye ya tafi ne a kan tayoyi 4 masu lamba 205/55 R16, baƙin mai kusan lita 4 mai lamba 5W-30 da filta, fulogi 4, man giya T-IV, wanke lagireto da zuba ruwan sanyaya inji na gaske lita 6 da ɗoriya, sabon murfin lagireto, da filtar iska. Gajeruwar tafiya ta tsaya-tashi ta fi doguwar hanya gajiyar da baƙin mai, shi ya sa nake juyewa duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Filtar iska kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk mako biyu ake ciro ta a kakkaɓe. Uwargida na nuna mata sandar auna baƙin mai da robar ruwa, duk ranar Asabar kafin a tayar, da kuma allurar zafi: in ta wuce tsakiya, a gangara gefe a kashe inji a kira ni, ko da saura layi ɗaya a isa gida.