Harsashin da Ya Rage a Ciki

Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, ɗan ƙanwata ya same ni a gida, a Unguwar Dosa, bayan la'asar. Ɗan kasuwa ne, da wuya mako ya wuce bai bi hanyar Abuja ba. Muka gaisa, ya yi ta kame-kame, can sai ya miƙo mini wayarsa. Hoton ƙaramar bindiga ne. Ya ce, "Kawu, ba irin wannan kuka riƙe a soja ba? Yaya mutum zai yi ya mallaki tasa?"

Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Browning Hi-Power ce. Na yi shekaru ina ɗaura ta a ƙugu lokacin da nake hafsa, kuma ba zan ɓoye ba, da na ga hoton sai da zuciyata ta motsa, kamar an nuna mini tsohon abokin da muka daɗe da rabuwa.

Na fara gaya masa abin da doka ta ce, don kada ya ɓata kuɗinsa ya kuma jefa kansa cikin masifa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ni kaina tawa ba tawa ba ce. Ta gwamnati ce, da lambarta a littafin ma'ajiyar makamai, in sa hannu in karɓa, in sa hannu in mayar, a ƙirga harsasai a gabana. Ya yi shiru, amma na ga idonsa bai bar hoton ba. Na san abin da yake ji, don ni ma na ji shi.

Ranar da aka fara damƙa mini ita a filin harbi a Jaji, abin da ya fara kama ni shi ne yadda ta zauna a tafin hannuna. Bindiga ce mai cin harsashi 13, amma mariƙinta bai cika hannu ya yi yawa ba, kamar an auna hannun mutum kafin a ƙera ta. Ƙarfe ce zalla, siririya, ba wani ado. A gefenta an buga sunan masana'antar FN ta garin Herstal a Beljiyam. Wani tsohon samanja da ke koya mana, wanda ya girmi yawancinmu nesa ba kusa ba, shi ya ba mu tarihinta muna zaune a ƙasa. John Browning, Ba'amurke, shi ya fara zana ta, amma ya mutu a 1926 bai ga ƙarshenta ba. Wani ɗan Beljiyam, Dieudonné Saive, ya ƙarasa aikin, ta fito a 1935. A wancan zamanin yawancin ƙananan bindigogin soja harsashi 7 ko 8 suke ɗauka, shi ya sa 13 ya zama abin magana. A yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta: Jamusawa sun ƙwace masana'antar a 1940 suka ci gaba da ƙera wa kansu, Kanada kuma tana ƙera wa Ingila da ƙawayenta. Ga shi nan Kakuri ma, DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati wadda aka kafa a 1964, ta ƙera irinta da sunan NP-1. Wato makamin da aka zana tun kakannina na samari, har a garinmu an yi shi.

Son da na yi mata ba na banza ba ne. In ka kula da ita ba ta ba ka kunya. Ana warware ta da hannu kawai, ba sai da wani kayan aiki ba, a goge, a shafa mai, a mayar cikin 'yan mintuna. Nauyinta yana shanye bugun harsashin 9mm, hannu ba ya tsalle sosai.

To amma wannan nauyin da ke taimakonka a filin harbi, shi ke cin ƙugunka a sauran yinin. Da harsasai a ciki ta kai kilo ɗaya. Ka yi awa goma a mota a hanyar Birnin Gwari tana tokare maka haƙarƙari, za ka san kana ɗauke da kaya. Da damina gumi da laima suna shiga kuben fata, kwana biyu ka yi sakaci sai ka ga tsatsa ta fara ja a gefen da ke manne da jiki. Da hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da mai ta zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa. 'Yar gudumar da ke bayanta tana cizon fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya in ka riƙe ta sama sosai. Har yau akwai ɗan farin tabo a hannuna na dama. Maɓallin tsaronta ƙarami ne, da ƙyar yatsa ke samunsa in mutum na cikin sauri. Ba mamaki sojojin Birtaniya suka ajiye ta a 2013 suka koma Glock 17, mai jikin roba, mara nauyi, mai cin 17.

Akwai kuma abin da na fi tsana a jikinta. An yi mata wata dabara ta yadda in ka zare gidan harsashi, kunamar ba za ta yi aiki ba, ko da akwai harsashi a ɗane. Wannan dabarar tana sa jan kunamar ya yi nauyi, ya riƙa karce-karce kamar akwai yashi a ciki. Duk lokacin da harbina ya kauce, ita nake ɗora wa laifi. Na sha cewa da ni ne mai ƙera ta da na cire wannan abu na jefar.

Wata Alhamis muka dawo daga rakiya da daddare, a gajiye liƙis. Ƙa'ida ita ce in wuce ma'ajiya in mayar da ita. Na ce a raina gobe da sassafe ma rana ce, na wuce gida da ita. Tun a hanya a ɗane take, da harsashi a ciki da gudumar a ja, maɓallin tsaro ne kawai ke riƙe da ita. Na zauna a bakin gado, na zare gidan harsashin na sa a aljihu. Saura in ja marfin sama baya in fitar da wanda ke ciki, kuma a Browning sai ka sauke maɓallin tsaro kafin marfin ya motsu. Na sauke shi ke nan, sai aka yi sallama a ƙofa. Maƙwabcina ne, matarsa na naƙuda, yana neman mota. Na ajiye bindigar a kan gado, na fita.

Ban yi minti uku ba. Na dawo ɗaukar makullin mota, sai na tarar da Abba, mai sunan mahaifina, yana da shekara biyar a lokacin, a tsaye a tsakar ɗaki. Ya riƙe ta da hannu biyu, bakin yana kallon cikinsa, manyan yatsunsa biyu suna kan kunamar yana dannawa da duk ƙarfinsa. Ya ɗago ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Baba, ta ƙi yi."

Ban yi tsawa ba, Allah ne ya riƙe bakina. Na durƙusa a hankali, na kama bakin na juya shi ƙasa, na zare ta daga hannunsa. Na ja marfin, harsashin ya faɗo a kan tabarma ya gangara ƙarƙashin gado. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Mahaifiyarsa ta shigo daga madafa, ta dubi yaron, ta dubi abin da ke hannuna, ba ta tambaye ni komai ba. Ta saɓa shi a kafaɗa, a bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Maigida, ko ita ko mu a ɗakin nan." Na kai maƙwabciyarmu asibiti hannuna na rawa a kan sitiyari, daga can ban koma gida ba sai da na tashi mai kula da ma'ajiya. Ya ƙirga: 12 a gidansu, 1 daga aljihuna, wanda na laluɓo a ƙarƙashin gado. Ya dube ni ya ce, "Oga, lafiya?" Na ce lafiya lau, na sa hannu.

Abin nan da na yi shekaru ina zagi, shi Allah ya sanya tsakanin ɗana da harsashin. Bindigogi da yawa na zamani ba su da shi. Daga ranar ban sake kuka da nauyin kunamarta ba, kuma har na yi ritaya ba ta sake kwana a gidana ba.

Wannan labarin na ba ɗan ƙanwata, wanda ko 'yan uwana na jini ban taɓa ba su ba. Ban ce masa tsoronsa ba shi da dalili ba. Na san hanyar nan, na san waɗanda suka bi ta ba su dawo ba. Na dai gaya masa cewa masu tare hanya da AK-47 suke fitowa, su da yawa, kuma fistol a hannun wanda bai horu ba ba za ta fitar da shi ba. Na tambaye shi a ina zai riƙa ajiye ta a kwanakin da ba ya kan hanya, tunda 'ya'yansa uku ne, babbarsu ba ta kai shekara bakwai ba. Ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Aka kira magariba, muka tashi muka yi alwala.