Na wargaza foldar src na sake jera ta: GCC, Clang, MSVC

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau dai ɗan laburaren nan namu na C, wanda ke jera kalmomin Hausa bisa tsarin abacada ba tare da ya jefa ɓ da ɗ da ƙ can ƙarshen layi ba, ya haɗu lami lafiya a kowace kompaila da na gwada, wato manhajar da ke mayar da kod abin da kwamfuta za ta gudanar: GCC da Clang a kan Linux, sannan MinGW da MSVC da clang-cl a kan Windows. Ba kuskure, ba gargaɗi ko ɗaya. Wallahi ji nake kamar in hau rufin gida nan Aboabo in yi shela.

Lokacin da na shiga aikin, folda biyu na tarar: src/gcc da src/msvc. Kallon farko ka ce abin ya tsaru. Amma da ka leƙa ciki sai ka ga sunayen ba su faɗi gaskiya ba. Abin da ke cikin gcc galibinsa kayan Linux ne, mmap da danginsa, an cuɗa su da __attribute__. Abin da ke cikin msvc kuma kayan Windows ne, su CreateFileMapping da MapViewOfFile, an cuɗa su da __declspec. Wanda ya fara aikin ya ɗauka duk mai GCC yana kan Linux, duk mai Windows yana da MSVC. Kamar a jera motocin tasha da sunan direba maimakon sunan garin da za su: muddin direba bai sauya hanya ba, ba mai korafi.

Wanda ya fasa ƙwan wani ƙanenmu ne da ke karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Kwamfutarsa Windows ce, kuma MinGW yake da ita don ba ta da nauyi. MinGW kuwa GCC ce sak, tana bayyana __GNUC__, alamar da GCC ke sanar da kanta da ita, sai CMake, manhajar da ke tsara haɗin aikin, ya kai shi foldar gcc, ya nemi sys/mman.h, babu shi a Windows, magana ta ƙare. Ya turo mini hoton allonsa da saƙo: "Yaya, abin nan bai san ni ba." Wannan gyaran bai ba ni wahala ba. Na fitar da duk abin da ya shafi tsarin aiki zuwa src/os/posix da src/os/win32, na bar abin da ya shafi kompaila kaɗai a src/compiler, fayil uku: gcc.h da clang.h da msvc.h. Ba dabarata ba ce. Boost, wani sanannen laburaren C++, ta daɗe da raba boost/config zuwa compiler da platform da stdlib, ni dai leƙa na yi na kwaikwaya.

Clang ce ta sha mini kai.

Clang tana yin shigar burtu. A Linux tana bayyana __GNUC__ kamar ita ce GCC, kuma lambar da take bayarwa ita ce 4.2.1, wato GCC ta 2007, ta ƙarshe kafin a koma lasisin GPLv3. Komai sabuntarta, lambar nan take faɗa. To a kod ɗinmu akwai wurin da ake tambaya ko __GNUC__ ya kai 5, don a yi amfani da __builtin_add_overflow, wanda ya shigo da GCC 5. Clang tana da shi, amma tunda ta ce ita 4 ce, sai kod ya bi tsohuwar hanya mai jinkiri shiru, ba ƙara ba gargaɗi. Abin haushi ke nan: komai yana haɗuwa, gwaji yana wucewa, amma ba layin da kake zato ake bi ba. Sai da na dasa #error, umarnin da ke tsayar da haɗi in an iso kansa, a cikin sabuwar hanyar, na ga Clang ba ta ko taɓa shi ba, sannan na gane.

Maganin kashi biyu ne. Na farko, a fayil ɗin da ke zaɓar heda, wato gcc.h ko clang.h ko msvc.h, a tambayi __clang__, alamar Clang, tukuna, kafin __GNUC__, kafin _MSC_VER, alamar MSVC. Haka Boost take yi, haka kernel ɗin Linux yake yi a compiler_types.h, har da ɗan bayani a wurin cewa jerin yana da muhimmanci. Na biyu, a cikin clang.h a daina tambayar lamba kwata-kwata, a tambayi __has_builtin da __has_attribute, masu faɗa kai tsaye ko kompaila tana da abin da ake nema. GCC ma ta samu __has_attribute a fitowa ta 5, __has_builtin kuma sai a ta 10, saboda haka a gcc.h dole na bar tambayar lamba don tsofaffin na'urori. Wani ya kawo shawarar a yi gcc7.h da gcc10.h daban-daban. Na ƙi. Linux ta taɓa bin wannan hanya da compiler-gcc3.h da gcc4.h da gcc5.h, a 2015 aka narkar da su wuri ɗaya. Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi.

Na ɗauka an gama, sai ga clang-cl. Ita ma Clang ce, amma ta sa rigar MSVC: tana bayyana __clang__ da _MSC_VER tare, ba ta bayyana __GNUC__, kuma umarnin layi irin na cl.exe, wato kompailar MSVC, take karɓa. Hedar ta zauna daidai tunda __clang__ ake fara tambaya. CMake ne ya birkice. CMAKE_C_COMPILER_ID yana cewa "Clang", sai fayil ɗinmu ya miƙa mata -Wall, mai kunna gargaɗi, da -Werror, mai mayar da gargaɗi kuskure, kamar yadda yake yi a Linux. Allo ya cika maƙil da gargaɗi, kowanne ya zama kuskure, kan abubuwan da ban taɓa jin an yi ƙorafi a kansu ba. Na zauna ina gyara su ɗaya bayan ɗaya, ina gyarawa suna ƙaruwa, ga wuta ta ɗauke, ga batirin tsohuwar kwamfutata ba ya riƙe caji. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe a wurin clang-cl, -Wall daidai yake da /Wall, shi kuma /Wall tana fassara shi zuwa -Weverything, wato kowane gargaɗi da Clang ta mallaka, har da masu karo da juna. Abin da nake so /W4 ne, wanda a wurinta yake daidai da -Wall da -Wextra.

Nan ne na fahimci tambayoyin uku ne, ba biyu ba. Wace kompaila ce ke karanta kod ɗin, wannan na src/compiler ne. Wane tsarin aiki ake kai, wannan na src/os ne. Sai kuma wane irin umarnin layi take ji, kuma wannan bai da gurbi a src ko kaɗan. Na buɗe masa cmake/flags-gnu.cmake da cmake/flags-msvc.cmake, ana zaɓa da if(MSVC), domin CMake yana kunna wannan ga cl.exe da duk mai kwaikwayon umarninta. Akwai kuma CMAKE_C_COMPILER_FRONTEND_VARIANT tun CMake 3.14 ga mai son tantancewa sosai. Yanzu clang-cl tana ɗaukar clang.h da win32 da flags-msvc, MinGW tana ɗaukar gcc.h da win32 da flags-gnu, ba wadda ta buƙaci folda tata ta kanta. A flags-msvc ɗin ne na sa /utf-8, don haruffanmu masu ƙugiya da ke cikin fayilolin gwaji su daina rikiɗewa.

Kuɗi kam sun fita. Sauko da kayan haɗin Visual Studio ya cinye mini data ta fiye da sidi ɗari na Ghana, kuma ya katse a tsakiya sai da na ƙara saye. In za ku yi, ku nemi inda ake da intanet na waya mara iyaka, ku zaɓi kayan C++ kaɗai, kada ku danna komai da komai.

Wajen tura gyaran, mai kula da aikin ya roƙi abu ɗaya, kuma yana da gaskiya: a matsar da fayiloli da git mv a komit ɗaya ba tare da an taɓa ko harafi ba, gyaran ciki ya biyo a komit na gaba. Git, manhajar da ke adana tarihin kod, ba ya ajiye labarin sauya suna, kamanni yake dubawa, kuma in kamannin ya gaza kashi 50 cikin ɗari sai ya ɗauka an goge wani fayil an ƙirƙiri sabo, git log --follow ya ɓace hanya.

Saura Mac. A can in ka buga gcc, Clang ta Apple ce ke amsawa, CMake kuma yana kiranta AppleClang, saboda haka na sauya STREQUAL zuwa MATCHES "Clang" don ya kama duka biyun. Ba ni da na'urar da zan gwada. Duk wanda ke da ita a Kumasi ko Nima, don Allah ya jawo reshen gyaran daga Git ya haɗa, ya turo mini abin da CMake ya rubuta a layukan farko.