Allo Kaɗai Ba Ya Taka Wa Direba Birki

Duk wanda ya yi aikin kwalta a hanyar Akra zuwa Kumasi, wato N6, ya san allon da aka rubuta 50 ba shi ke sa direban tirela ya ɗaga ƙafa ba. Sai idonsa ya ga dalili.

Dokar hanya ta Ghana, L.I. 2180 ta 2012, ta ƙayyade gudun babbar hanya a kilomita 90 cikin awa. Mota a wannan gudu tana cin mita 25 duk daƙiƙa. Kafin direba ya farga, ƙafarsa ta kai birki, daƙiƙa biyu sun tafi: mita 50 ke nan, ko taya ba ta fara kamawa ba. Gudu kuwa in ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take. Allon da aka kafa a bakin ramin aiki ado ne kawai.

Saukar da gudu daki-daki ake yi: 90, 70, sannan 50, da tazara tsakaninsu. In aka sare shi lokaci guda, ɗan tasi zai tsaya, tipar yashin da ke bayansa ba za ta iya ba.

Wurin da aka fi yin kwaɓa shi ne rufe layi. Tsawon jerin robobin nan masu tsini da ke karkatar da motoci yana da lissafi: faɗin layi sau gudu, a raba da 1.6. Layin mita 3.5 a gudun 90 na neman kusan mita 200, roba ɗaya duk mita 18. Amma sai ka tarar da biyar an cushe cikin taku ashirin, an cika da reshen bishiya. Da dare wannan tarko ne. Trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ita ma a ware mata wurin sauke fasinja kafin jerin ya fara, in ba haka ba a tsakiyarsa za ta tsaya.

Mai tutar ba motoci hannu ya tsaya inda za a hango shi daga nesa, da wurin tsalle a gefensa. Motar 'yan sandan hanya na MTTD tana ladabtar da direbobi, amma muddin tana wurin.

Ranar da ba aiki, a rufe allunan da buhu, domin direban da ya rage gudu sau uku bai ga lebura ko ɗaya ba, na huɗu ba zai rage ba. Lokacin hunturu kuma jar ƙura na dushe ƙyallin robobi da alluna, sai a goge su da jiƙaƙƙen tsumma kafin magariba.