Ziyarar Dangi a Kwarin Gudbrandsdalen na Ƙasar Norway

A watan Yuli na je Norway domin in ga yayana, wanda ya daɗe da zama a can, ya auri 'yar ƙasar, har Allah Ya ba su zuri'a. Ba a Oslo suke zaune ba. Gidansu yana can arewa, cikin dogon kwarin da ake kira Gudbrandsdalen, saboda haka ina sauka a filin jirgin sama na Gardermoen sai na shiga jirgin ƙasa mai zuwa Trondheim. Layin dogon ya daɗe yana bin gefen tafkin Mjøsa, wanda babu tafkin da ya kai shi girma a ƙasar, har muka iso Lillehammer, garin da ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a shekarar 1994. Daga nan ne duwatsu suka fara matsowa ta dama da hagu, kogin Lågen yana gudana a tsakiya, gonaki kuma suna manne a jikin gangara kamar za su zamo.

A tashar Otta na tarar da Yaya da 'ya'yansa suna jirana. Yaran suka rugo suna cewa, "Baffa, sannu da zuwa," da Hausarsu mai nauyin harshe, abin da ya faranta mini rai ƙwarai, domin a ƙasar da yaro yake kiran malaminsa da sunansa tsirara, sai da ƙoƙarin uba ake samun irin wannan tarbiyya.

Abin da ya fara rikita ni shi ne haske. Ƙarfe 10 na dare ta wuce amma mutum yana iya karanta littafi a waje, kuma ko da rana ta faɗi, duhu ba ya rufewa sosai kafin gari ya sake wayewa. Tun da shafaƙi ba ya ɓacewa a wannan lokaci, Yaya yana bin jadawalin da ya samo daga wani masallaci a Oslo wajen tsayar da lokutan Isha'i da Asuba, ni ma shi na bi. Mutanen kwarin kuwa ba sa wasa da wannan haske, domin sun san watanni kaɗan ne, bayansu sai dogon sanyi da dusar ƙanƙara. Duk wani aikin gona, gyaran gida, biki da ziyara, a cikin waɗannan makonni ake cusa su.

Mafi yawan zamana na yi shi ne a gonar surukan Yaya, a wajen garin Lom, wanda ake isa ta Vågå idan an bi gefen kogin Otta. Ruwan kogin kore ne shar mai ɗan fari-fari, saboda garin dutsen da yake kwasowa daga daskararriyar ƙanƙarar da ke narkewa a tsaunukan Jotunheimen. A can ne Galdhøpiggen yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,469. A tsakiyar Lom akwai tsohuwar majami'a ta katako zalla, wadda aka gina tun ƙarni na 12, an shafe ta da baƙin ƙaron itace don kada ta ruɓe, kuma har yau ana amfani da ita.

Ban taɓa zaton zan ga ban-ruwa a ƙasar da ta yi suna da ruwan sama ba, amma wannan ɓangare na kwarin tsaunuka sun tare masa hadari. A Skjåk, maƙwabciyar Lom, ruwan da ake samu a shekara yakan gaza milimita 300. Surukin Yaya, dattijo mai ƙarancin magana, ya kai ni saman gona ya nuna mini tsofaffin magudanan da kakanninsu suka haƙa, wasu wuraren an haɗa su da indararon itace, domin a jawo ruwan ƙanƙara daga nesa zuwa gonakin sha'ir da ciyawa. Yanzu bututu da famfon feshi ake amfani da su, amma ya san tarihin kowace magudana da gidajen da suke da rabo a cikinta. Kusan kashi 3 cikin 100 kacal na ƙasar Norway ake nomawa, shi ya sa ba za ka ga taƙin da aka bari a banza ba. Na same su ana tsakiyar yankan ciyawa, ana naɗe ta dunƙule-dunƙule cikin farar leda, domin ita dabbobi za su ci tsawon watannin da za su yi a kulle.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wadda muka hau zuwa makiyayarsu ta kan tsauni, wadda suke kira seter. Tun zamanin da, idan zafi ya shigo, ana kora shanu da awaki zuwa sama su ci ciyawar daji, a bar ta kwari ta girma don ajiya, mata kuma su zauna can suna tatsa suna kaɗa mai da yin cuku. Duk wanda ya san yadda Fulani suke tashi zuwa mashekari zai gane hikimar nan take. Gidajen da suka riƙe wannan al'ada sun ragu matuƙa, ko da yake a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya. Ɗakunan na gungumen itace ne, rufinsu ƙasa da ciyawa, tumaki kuma suna yawo da ƙararrawa a wuya ba tare da makiyayi ba har zuwa watan Satumba, lokacin da ake fita tattaro su.

Surukar Yaya ta dama mana kunun kirim mai tsami da suke kira rømmegrøt, ta kawo gasasshen kifin da aka kamo a tafkin kusa, domin ta san abin da ba ma ci, kuma ba ta bari sai mun faɗa ba. Bayan haka aka kawo kofi da waina mai siffar zuciya, an ɗora mata cuku mai launin ƙasa-ƙasa, wanda zaƙinsa ya fi gishirinsa yawa. Ana dafa ruwan da ya rage bayan tsame cuku ne har ya yi kauri, kuma a wannan kwari ne wata mai suna Anne Hov ta fara ƙara masa kirim a 1863, abin da ya sa ya samu kasuwa.

Zumuncinsu ba irin mai hayaniya ba ne. Ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa, gaisuwa gajeriya ce, kuma ana iya zama shiru ba wanda ya damu. Da farko na ɗauka sanyin hali ne, amma da na ga maƙwabci ya kawo tarakta ya taya su kwashe ciyawa kafin ruwa ya sauko, ya sha kofi ya tafi ba tare da jiran godiya ba, sai na fahimci cewa a aiki suke nuna ƙauna.

A hanyar komawa na tsaya a Ringebu wurin wani tsohon abokin karatuna da yake koyarwa a yankin. Damuwarsa ɗaya ce da ta dattijon Lom, wato matasa suna tafiya Oslo da Trondheim karatu, kuma ba duka suke dawowa ba. Dokar ƙasar ta ba babban ɗa ko babbar 'ya fifiko wajen gadon gona, kuma a gidan surukan Yaya matarsa ce babba. Har na baro su, ita da Yaya suna ta shawarar ko za su ajiye ayyukansu na albashi su karɓi gonar idan dattijon ya gaza, kuma na lura babban ɗansu ya riga ya iya tuƙa tarakta a gefen kakansa.