Abin da masu aikin sa kai suka koya mini

Shekara uku ke nan ina riƙe da rajistar masu aikin sa kai a bikin fasaha da muke shiryawa sau ɗaya a shekara, baje kolin zane da rana, wasan kwaikwayo da karatun waƙa da yamma. Lokacin da aka damƙa mini aikin, na riga na yanke a raina cewa mutum biyu ne za su zo: wanda zaman gida ya ishe shi, da mai neman takardar shaida ya haɗa da takardunsa na neman aiki. Da wannan zaton na raba ayyuka. Duk wanda ya zo, sai in duba inda ake da giɓi in tura shi.

Wani dattijo, kafinta da ya ajiye aiki, shi ya fara nuna mini kuskurena. Na sa shi jera kujeru. Ya jera layi biyu, sannan ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon samarin da ke rataye zane a bango, wannan sama, wancan ƙasa. Can ya ce, "Ɗana, kujera ai kowa zai jera. Ka bar mini bangon nan." Ya zaro tef ɗin awo da fensir daga aljihu, ashe tun daga gida ya taho da su. Ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan daidai idon mutum a tsaye, ya ce tsakiyar kowane zane ta zauna a kan zaren. Daga baya na gano haka manyan gidajen baje kolin zane suke yi, kimanin santimita 145 daga ƙasa. Har aka rataye na ƙarshe bai zauna ba. Gwanintar hannunsa ta shekara da shekaru ya ɗauko ya kawo mana, yana neman inda za a ce ana buƙatarta, ni kuwa na kusa mayar da shi gida da ita.

A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Gil Clary da Mark Snyder da abokan aikinsu, sun kasa dalilan sa kai gida shida. Akwai mai yi don abin ya dace da aƙidarsa, da mai son koyo, da wanda abokai suka jawo, da mai share wa sana'arsa hanya, da mai neman jin yana da daraja, da wanda ke son ya ɗan sauke damuwar da ke cin sa. Abin da ya fi amfanata a bincikensu shi ne mutum yakan daɗe a aiki idan aikin ya biya dalilin da ya kawo shi. Tun daga nan na daina raina mai neman takardar shaida. Dalilinsa halal ne, kuma sau da yawa shi ke riga kowa zuwa.

Sai dai bikin fasaha yana da nasa jan hankalin da babu shi a sauran ayyukan taimako. Wata budurwa ta nace a ba ta gadin ɗakin zane, aikin da kowa ke gudu saboda tsayuwa ce ta wuni. Na tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ni ma ina ɗan zane a gida, ban taɓa nuna wa kowa ba. So nake in ji me mutane ke cewa idan sun tsaya gaban zane." Ta wuni tana saurare. Da shekara ta zagayo, zanenta biyu ne a bangon. Da yawa daga masu ɗaukar kaya da masu riƙe fitila haka suke, suna raɓar wutar ne kafin su sami ƙarfin zuciyar shiga fage.

Babban kuskurena a shekara ta biyu na tafka shi. Da kyakkyawar niyya na ba da shawarar a riƙa ba kowa ɗan ihisani gwargwadon awannin da ya yi. Nan take yanayi ya sauya. Mutanen da a baya sai an roƙe su su tafi gida suka koma duba agogo, aka fara "ai wane awa uku kawai ya yi." Kuɗin bai kai albashi ba, amma ya isa ya mayar da kyauta ta zama ƙwadago mai arha. Ashe an taɓa gwada irin wannan: masana tattalin arziki Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun wallafa a 2000 cewa ɗaliban da aka yi wa alƙawarin kashi 1 cikin 100 na gudummawar da suka tara gida gida, abin da suka tara bai kai na waɗanda ba a yi wa alƙawarin komai ba. Kuɗin mota daban ne, shi har yau muna bayarwa, domin bai kamata rashin abin hannu ya hana mutum zuwa ba.

Na kuma lura girman taro ba ya canza wannan halin. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, sama da mutum 240,000 suka nemi guraben sa kai 70,000, kuma dubban da suka yi atisayen bikin buɗewa sun riƙe sirrinsa har daren da aka nuna shi. Sun ɗauki bikin a matsayin nasu, shi ya sa suka kame bakinsu.

Yanzu kafin in rubuta sunan kowa, sai na zauna da shi na tambaye shi me ya iya, me kuma yake so ya koma gida da shi. Bana dattijon nan ya zo da jikansa. Ina ji yana ce masa, "Riƙe bakin zaren nan da kyau, kada ka bari ya saki."