Tambayar da ban yi wa yarinyar nan ba

Ina shekara ta biyu da fara gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi aka tura ni filin wasa na Haliru Abdu, gasar makarantun sakandare. Da aka gama tseren maza na mita 400 na rubuta sunan wanda ya ci da lokacinsa, na bi inuwa neman ruwan leda. A nawa lissafin, aiki ya ƙare. Ihun 'yan mata ne ya dawo da ni.

Wadda ta ci tseren mata siririya ce, da dogon wando ƙarƙashin siket, ta cusa bakin hijabinta cikin riga don kada iska ta ja ta baya, ƙafa ba takalmi. Na miƙa mata rakoda tana haki na ce, "Ƙanwata, Baba ya san kina gudu? In aure ya zo fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai ba ka ga gudun ba?"

Malamarsu ta wasanni ta leƙa littafina. "Ɗan jarida, ga lokacin namijin ka rubuta. Nata fa?" Bakina ya mutu.

Ba ni na ƙirƙiro wannan hali ba, gadonsa na yi. Namiji in ya ci, mu tambaye shi horo da dabara. Mace in ta ci, mu tambaye ta gida da miji da sutura. A gasar kofin duniya ta mata ta 2023 Najeriya ta doke Ostireliya mai masaukin baƙi da ci 3 da 2, amma abin da aka kwana ana yi a wayoyi shi ne rigar da Asisat Oshoala ta cire tana murna. Ni kaina a shirina na fi daɗewa a kan rigar fiye da ƙwallon da ta zura. Bugun fanaretin Kanada da golarmu Chiamaka Nnadozie ta tare kuwa, a gurguje na wuce shi.

Shugabana a wurin aiki kan ce labarin mata ba ya da masu saurare, mutanenmu Arsenal da Barcelona suka sani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai abin da ba ka kasa a faifai ba, wa zai taya? Super Eagles sau 3 suka ɗauki kofin Afirka, 1980 da 1994 da 2013. Super Falcons, ƙungiyar matanmu, sau 10. Lambar zinare ta farko da ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai a Olamfik, Chioma Ajunwa ce ta ciyo ta a tsalle a Atlanta, 1996. Washegarin daren Yulin 2025 da Falcons suka farke ci biyu suka doke Maroko 3 da 2 a Rabat, wayar shirinmu ba ta huta ba, kuma yawancin masu bugowa maza ne.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, don garin gyaran gira na kusa rasa ido. Kunyar da na sha ta sa na ɗora hoton yarinyar a Facebook ina yabonta, ban tambayi kowa ba. Kafin la'asar hoto ya zaga. Wasu na sa albarka, wasu na aunar jikinta da baki, wasu na zagin iyayen da suka bar ɗiyarsu a fili. Gasar da ta biyo baya yarinyar ba ta zo ba.

Na nemi malamar ta raka ni gidansu. Mahaifinta dattijo ne mai sayar da shinkafa, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya bari na gama ba da haƙurina tas. Sannan ya ce, "Yaro, ni na saya mata wandon da take gudu da shi. Gudun bai dame ni ba. Amma a ce ina zaune a majalisa a miƙo mini waya da hoton ɗiyata, ana dariya?" Ashe tambayar da na yi mata a fili ma a banza na yi ta: Baba ya sani sarai. Wanda ya tare mata hanya ni ne, mai cewa yana taimako.

Tun daga nan ba na sakin hoton ɗaliba sai da yardarta da ta gidansu, in an ƙi, murya da sakamako sun ishe ni. Nakan kuma faɗa a iska cewa tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabi, domin na lura iyaye da yawa a nan maganar sutura ce farkon abin da suke son ji.

Yarinyar ta koma gudu bayan zango biyu. Ranar da na sake ganinta a fili ina tsaye a bakin layi da agogo a hannu. Ta zo ta biyu. Na tambaye ta ina aka samu matsala, ta ce ta saki ƙarfinta da wuri a kwanar farko, kuma takalmin da aka ara mata ya yi mata yawa.